Ƙafafun Bayan Raƙumi Sun Je Kano

Tun ranar da na sauko daga mota a bakin kwalta ban sha shayi da zafinshi ba. Da na kai kofi baki sai wani ya ce, Shaibu, yaya Kano? In ajiye in ba shi labari, kafin in gama shayi ya huce. Na ba da labarin nan a fada, majalisarmu ta shan shayi, na ba da shi a ƙofar masallaci, na ba da shi a wurin suna har biyu, kuma na lura duk lokacin da na maimaita sai Kano ta ƙara girma. Shi ya sa na sayi kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, zan rubuta shi sau ɗaya kafin in fara ƙarya. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Wanda ya ga kuskure ya kai ƙara wurin mushen da ya koyar da ni, haka muke kiran malamin boko, yana kwance a maƙabartar Tasawa. Shekara huɗu na yi a lakkwal, makarantar boko, biyu cikin aji, biyu bisa iccen kanyar da ke bayan aji, kuma daga can ma ana jin darasi.

Yaran yanzu ba su san Maijirgi ta taɓa yin tiyatir, wato wasan kwaikwayo, ba. Zamanin samariya, ƙungiyar matasa ta lokacin, muna da wasa mai suna Rijiya Gaba Arba'in, wasa ne na waƙa da rawa, ba a magana uku sai an sako waƙa. Labarin wani mai ginar rijiya ne da ƙasa ta rufta mashi, uwarshi tana bakin rijiya tana waƙa, gari ya taru, aka ɗaura ma raƙumi igiya aka jawo shi da rai. Mun kai wasan Tasawa, mun kai shi Mayahi, har Maradi ya je. Wanda ya tsara shi, ya yi waƙoƙin, ya kuma fito a matsayin mai ginar, Illa ne, taubashina, uwarshi da ubana ciki ɗaya. Ni ma ina da babban muƙami: ni ne ƙafafun bayan raƙumi. Shekara tara ina duƙe cikin buhunan algarara, kaina a ƙugun marigayi Ɗan Jimma da ke gaba, ba na ganin komai sai ƙasa da dugaduganshi.

Bara bayan kaka wata malamar jami'a daga Kano, Malama Rukayya, ta zo tana bin sawun tsofaffin wasanni. Ta ji namu a wani kaset. Ta same mu a fada, ta gaisa da ladabi, ta tambaya wa ya tsara shi. Kun san ni da Illa, shekara sittin da ɗoriya muna gardamar wane ne bawan wani, har yau ba a yanke ba. Kafin ya buɗe baki na ce ni ne, wannan bawana ne, buta yake riƙe mani. Illa ko murmushi bai yi ba, ya ce haka ne, ranki ya daɗe, da ƙafa ma yake rubutu. Kowa ya yi dariya, ita kuma ta rubuta. Da ta nemi a rera mata, na ce muryata tana hutu, bawa ya rera. Illa ya zuba mata waƙoƙin duka cikin waya. Ba wanda ya gaya mata mu taubasai ne. Wa ke nuna ma baƙo rana da yatsa?

Sai ga takarda bana, an ce ɗalibanta za su yi wasan, ana gayyatar marubucinshi, Malam Shaibu. Fada ta yi kwana uku tana dariya. Illa ya taya su rana ta farko. Rana ta biyu ya miƙo mani hannu biyu ya ce, ina kwana Malam Shaibu, yaya iyali? Mutumin da tun muna yara bai taɓa kirana da abin da ya fi jaki daraja ba.

Matata Tsahara ce ta fassara mani. Ta ce, "In taubashinka ya fara girmama ka, to ka mutu a wurinshi, likkafani ya rage." Ta ce in kira malamar in gyara. Na ce ba ni da kiredi a wayata. Ta miƙo wayarta. Na ce magana mai nauyi irin wannan sai ido da ido. Gaskiyar da ban faɗa mata ba, ina son in ga Kano, kuma ina son a kira ni marubuci ko na yini biyu ne, in ji yadda yake.

Da safen tafiya Illa ya zo da wani ƙunshi ɗaure da igiya. Na kwance gefe na leƙa: bayan raƙumin ne, da ƙafafun da jelar kaba. Ashe duk shekarun nan yana ajiye da shi. Ya ce, "Malam Shaibu, ga kayan aikinka. Allah ya kiyaye hanya." Da zagina ya yi da na fi tafiya da sauƙi.

Daga Maijirgi zuwa Tasawa ba labari. A tashar Tasawa aka cusa mu cikin motar Maradi, ni da wani dattijon Buzu mai suna Agali, daga wajen Alasan Mairairai, za shi Kano a duba mashi ido. Gwiwarshi tana cikin haƙarƙarina, ƙunshina yana bisa cinyarshi, dole mu saba. Ya ba ni cuku, na ba shi goro. Da ya ji abin da zai kai ni, ya ce ai ya ga wasan nan a Mayahi yana saurayi, kuma abu biyu bai manta ba. Na farko muryar mai ginar. Na biyu raƙumin, wanda a cewarshi cin mutunci ne ga duk raƙuman duniya. Ya ce raƙumi ƙafafun gefe ɗaya yake ɗagawa tare, dama da dama, hagu da hagu, amma wancan yana tafiya kamar jakin da ya sha giya, musamman na bayan. Ya ce da ya san wanda ke ciki da ya kai shi gaban sarki. Na ce lalle wasu mutane ba su da tsoron Allah.

Can wajen Gazawa ya juyo ya tambaye ni ko mai muryar nan yana da rai. Na ce yana nan. Ya ce in na koma in gaishe shi, muryar nan ta sa uwar shi Agali kuka a ranar. Na kalli gonaki ta taga.

A Maradi muka canza mota zuwa Ɗan Isa, bakin iyaka. Gefenmu aka duba kar dantite, katin shaida, aka dubi fuskata, aka sake duban hoton, jandarma ya ce hoton ya fi ni ƙuruciya. Na ce shi ba ya noma. Da muka tsallaka gefen Najeriya wani ma'aikaci ya ce a kwance ƙunshi. Ya jawo jela, ya jawo ƙafa ɗaya, ya kira abokin aikinshi. Suka tambaya fatar wace dabba ce, ina takardarta. Na ce dabbar tana tsaye gabansu. Ba su gane ba, sai na shiga ciki. To baya ba ya tafiya sai da gaba, don haka na roƙi Agali. Dattijo da rawaninshi ya tsaya, na kama ƙugunshi, muka zagaya shingen sau ɗaya yana ba da umarni, dama, hagu, dama. Masu sayar da ruwa suka bar kayansu suka biyo mu. Ma'aikacin ya yi dariya har ya zauna bisa benci, ya ce Baba ku wuce, Allah ya ƙara lafiya.

Da muka koma mota Agali ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya ce, ashe kai ne. Na ce ni ne. Ya ce to ya yafe, tun da yau na koya.

A Katsina muka ci abinci. Ina so in yi magana a kan burodinsu. Namu dogo ne mai ƙarfi, in kare ya biyo ka za ka iya kare kanka da shi. Nasu kamar matashin kai, ga zaƙi, ka matse guda a hannu ya koma lomar yaro. Shayinsu kuma ba a ƙananan kofuna uku ake sha ba kamar na masu hankali. Moɗa guda ake cika maka da madara, mai shayin ya ɗaga hannu sama yana zubowa kamar mai jan guga, ka shanye ka tashi. Ba na farko mai ɗaci, ba na ƙarshe mai zaƙi. Na tambayi Agali yaushe mutanen nan ke yin gulma in shayi ba ya ɗaukar lokaci. Ya ce a waya.

Kano muka shiga da la'asar sakaliya. Mutane kamar an tashi kasuwar Tasawa sau ɗari an zuba wuri ɗaya, kowa yana sauri, ba wanda ya gaishe ni. Ɗan Agali ya zo ya ɗauke shi, muka yi sallama. Ni kuma Malama Rukayya da kanta ta zo da mota. Tun daga Jibiya na shirya maganata: zan ce Malama, kafin komai akwai gyara. Ta fito ta durƙusa har ƙasa ta ce Baba sannu da hanya, yau marubuci ya zo da kanshi. Ba a gyara ma mutum magana yana durƙushe. Na ce sai mun isa.

Da muka isa masauki aka kawo shinkafa da kaza guda, ba rabi ba. Na ce a raina, ba a faɗin gaskiya da yunwa, tana fitowa a karkace. Da na ƙoshi kuma na ga gaskiya ba ta son nauyin ciki. Na bar ta sai da safe.

Ɗakin ba shi da makulli, wani kati ake nuna ma ƙofa ta buɗe, kamar ita ma jandarma ce. A ciki akwai injin sanyi. Na danna duk abin da ke dannuwa, sai ƙara hurawa yake. Bargon da suka ajiye bai kai kaurin ganyen albasa ba. Da ma'aikacin masaukin ya kawo karin kumallo, ya tarar da babban marubucin Nijar cikin bayan raƙumi, jela tana lilo a gefen gado. Ya ajiye faranti ya fita da baya.

Da hantsi aka kai ni wurin da suke gwaji. Mu a dandali muke yi, fitilar gas biyu, tabarmi a rataye a madadin bango, masu kalangu a gefe, jama'a a kewaye ta ko'ina har bisa katanga. Su ɗaki ne babba mai kujeru jere, da dakali a gaba, da fitilu masu launi a sama. Kowane ɗan wasa an manna mashi wani ɗan abu a kunci kamar kaska, shi ke ɗaga murya. Illa ba ya buƙatar kaska, daga dandali ana jin shi a bakin kwalta. Akwai mai kula da fitila, mai kula da kaya, da wata mai riƙe da takarda tana gaya ma kowa lokacin shigarshi. Mu mai wannan aikin shi ne duk wanda ya fi kusa, kuma da ƙafa yake tura ka.

Ɗalibai suka yi layi suna ɗaukar hoto da ni. Aka nuna mani takardar da za a raba ma 'yan kallo, ga sunana da manyan baƙaƙe. Ban taɓa ganin sunana an buga shi da inji ba sai a kar dantite. Suka tambaye ni me nake nufi da rijiya, ko tana nufin ƙasa ce ko zuciya. Na ce bon, da Faransanci, ya danganta. Suka rubuta. Da raƙuminsu ya fito na ga yana tafiyar jaki, sai na miƙe na ce a tsaya, raƙumi gefe ɗaya yake ɗagawa tare. Na nuna masu. Malama ta ce kun ga bambancin wanda ya san abu daga tushe. Ilimin Agali ke nan na kwana ɗaya, shi ma na haɗa da shi. Ɓarawo in ya saba, ko allura ya gani sai ya ɗauka.

Bayan la'asar aka fara. An zaunar da ni a gaba. Aka kashe fitilun 'yan kallo aka bar na dakali, aka ce kowa ya kashe waya ya yi shiru. A wurinmu in jama'a sun yi shiru to wasa ya mutu. Tsofaffi mata suna zagin mugu, yara suna gaya ma jarumi abin da ke bayanshi. Su kuwa sun zauna kamar masu jiran likita.

Sai a lokacin wani abu ya faɗo mani: ban taɓa ganin wasan nan ba. Na san shi da kunne, na san shi da ƙafa, na san taku nawa ne daga rijiya zuwa ƙarshen igiya. Amma ido bai taɓa gani ba.

A dakali ƙasa ta rufta. Yarinyar da ta fito a uwa ta zo bakin rijiya, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure ƙugu da shi, ta durƙusa ta leƙa. Illa ne ya gaya ma Malama haka ake yi, ni ban san ya sa wannan a wasan ba. Haka Gwaggo, uwar Illa, ta yi. Ina da shekara bakwai, Illa yana da takwas, ranar da rijiya ta rufta ma ubanshi a wani ƙauye arewa da mu. Ina tsaye a wurin. An kawo raƙumi, an ja, igiya ta fito ba kowa. Yarinyar ta fara:

Ja, raƙumi, ja,
Gaba arba'in ba nisa ba ne
In da mai jira a baki.

Wurin amshi ya zo, ɗaki ya yi tsit. Bakina bai nemi izinina ba, na amsa, ja, raƙumi, ja. Wani mai tabarau a gefena ya sa yatsa a baki. Zagaye na biyu na ƙara ɗagawa. Wata tsohuwa a baya ta kama. Na uku rabin ɗakin yana amsawa, har mai tabarau yana motsa leɓe. Raƙumi ya yi takunshi, igiya ta miƙe, mai ginar ya fito da ƙasa a ka, uwar ta riƙe fuskarshi da hannu biyu. Shekara tara ni ke jawo Illa daga rijiyar nan, ina ba shi baya, ban taɓa ganin abin da yake fitowa ya tarar ba. Ya rubuta ma ubanshi fitar da bai samu ba, ni kuma na zo Kano na ci kaza a kanta.

Aka kunna fitilu, aka yi tafi, aka kira ni dakali. Malama ta miƙo mani wani allo mai sheƙi da sunana, ta ce Baba ya gaya ma jama'a yadda waƙar nan ta zo mashi. Na ce a miƙo mani ƙunshina. Na zaro jelar na ɗaga.

Na ce, "Jama'a, ga abin da na rubuta a wasan nan. Ni ne ƙafafun baya, kuma an shaida mani a hanya cewa ko su ban iya ba. Mai wasan sunanshi Illa, yana Maijirgi. Uban da ke cikin rijiyar nashi ne, uwar da ke baki gwaggona ce. Taubashina ne. Wasa na yi mashi a gaban baƙuwa, wasan ya yi ƙafa ya zo har nan."

Dariya ta tashi daga baya ta taho gaba, don ba wanda ba shi da taubashi a cikinsu. Malama ta rufe fuska da takardarta. Ta ce, Baba, ai da kun gaya mini. Na ce laifin nawa ne, tun jiya nake nema in faɗa, abincinku ne ya yi yawa. Ta karɓi abin magana, ta ba jama'a haƙuri, ta faɗi sunan Illa sau uku, ta ce kowa ya ciro alƙalami ya gyara a takardarshi. Na ga mai tabarau yana soke sunana da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. Sannan ta sa aka sake waƙar, ɗakin duka yana amshi, aka ɗaukar mani komai a wayata tun daga faɗin sunan. Kashegari aka kai allon wurin mai zane ya canza suna. Ba a fasa ba ni kaza ba, wannan na yaba ma Kanawa.

Dawowa ba labari, sai dai ma'aikacin kan iyaka ya gane ni ya tambayi lafiyar raƙumi.

Na iso Maijirgi da yamma, ban biya gida ba, na wuce fada. Illa yana kan tabarmarshi. Ya miƙo hannu biyu ya ce, Malam Shaibu, an dawo lafiya? Na ajiye mashi allon a cinya, na kunna wayar na ba shi. Ya kai ta kusa da ido. Ya ji sunanshi sau uku. Ya ga yarinyar ta ɗaure ƙugu da ɗankwali. Ya ji Kano tana amsa mashi. Har mai shayi ya bar fifita. Da ta ƙare ya ce a sake. Aka sake. Ya goge ido da bakin riga, ya ce hayaƙin gawayin nan ya yi yawa. Ya juya allon gaba da baya, ya daɗe yana shafa sunan da yatsa, ni ina tsaye kamar mai jiran hukunci.

Sannan ya ɗago ya ce, "Raƙumin Kano ya fi ka iya tafiya. Shekara tara kana taka mani igiya, jakin banza. Me kake tsaye kana kallona? Ɗauki buta ka ɗebo mani ruwa, bawa."

Na ɗauki buta. Ban taɓa zuwa rijiya da sauri irin na ranar ba.